Shamuwa da Gangar Shuka

Masu riƙe da labaran mutanen da sun ce an yi wani gari can arewa ana ce masa Tudun Gawo, garin manoman gero. Mutanen garin suna da wata al'ada da ba sa wasa da ita. Komai yawan ruwan da aka yi, ba mai saran ƙasa ya jefa iri sai an buga gangar shuka a ƙofar Sarkin Noma. A zamanin da labarin nan ya faru, mai riƙe da sarautar wani dattijo ne wai shi Mantau, mutum mai yawan tunani da ƙarancin magana.

Shekarar da ta gabata an yi fari irin wanda ba a son tunawa. Mutane suka cinye abin da ke rumbu, suka koma ga dusa da ganye. Da Mantau ya ga yunwa za ta kai hannu ga iri, sai ya bi gida gida ya karɓi irin kowa, ya zuba a babban rumbunsa, ya liƙe bakin da laka. Ya sha zagi a lokacin, ba kaɗan ba. Amma dai iri ya tsira, kuma shi ke nan abin da ya rage wa garin. In ya salwanta, babu na biyu.

A gidan Mantau kuwa akwai wata tsohuwar shamuwa. Da kaka, sa'ad da 'yan'uwanta suka tashi zuwa kudu, ita fiffikenta ya karye. Matar Mantau, Tabawa, ta tsince ta a bayan gida, ta ɗaure mata karayar, ta yi ta jinyarta. Nan ta yi rani tana cin fara da ƙadangaru. Tsuntsuwa ce da ta ga duniya, kuma bakinta ba shi da linzami.

Ana nan, tun bazara ba ta gama nuna ba, rannan da la'asar sai hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Da gari ya waye, ƙofar gidan Sarkin Noma ta cika da maza, kowa da sungumi a kafaɗa. A gabansu akwai Ƙosau, ƙanen Mantau, mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya ba ko a gidan biki.

Ƙosau ya ce, "Yaya, me ake jira? Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, ga shamuwa can bisa dangarka kowa yana gani. Tun kakanninmu, in aka ga ruwa aka ga shamuwa ai magana ta ƙare. A fasa rumbu, a kira Anaruwa makaɗi ya buga ganga."

Mantau ya ce su ɗan ba shi lokaci. Ya shige gida, ya zauna a gindin rumbu ya dafe kai. Tsoro biyu ne suka sa shi a tsakiya. In ya jinkirta, alhali damina ce ta kama, an yi asarar farkon ruwa, wataƙila gero ba zai kai ga nuna ba, kuma masu yunwa ba a san ranar da za su fasa rumbu da hannunsu ba. In kuwa ya sa aka shuka, ruwa ya ɗauke, iri zai tsiro ya ƙone, garin ya watse. Kowanne ya faru, sunansa za a kira.

Shamuwa ta sauko daga danga, ta tako ta tsaya gabansa. Ta ce, "Sarkin Noma, na ji ana kafa hujja da ni a waje. Wai shamuwa ta zo. Ina na je, balle in zo? Ni da na yi rani a tsakar gidanka ina rigima da kajin Tabawa?"

Mantau ya ce, "Ba lokacin wasa ba ne. Ku ne kuke kawo mana ruwa. Ki gaya mini, wannan shi ne, ko kuwa?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba mu taɓa kawo muku ko ɗigo ba. Iskar da ke kawo ruwan muke bi, ita a gaba mu a baya, ku kuma sai ku gan mu ku yi ta gode mana. Abin da nake ji maka tsoro shi ne kada abin da ya sami Dogo da jama'arsa ya same ka."

Mantau ya ce, "Wane ne Dogo, kuma me ya same shi?"

Shamuwa ta gyara tsayuwa, ta fara ba da labari.

Ta ce, wata shekara, ina da ƙuruciya, ayarinmu ya taso daga kudu mai nisa za mu zo ƙasarku mu yi sheƙa. Muka yada zango a bakin teku. Kai ba ka taɓa ganin teku ba, Sarkin Noma. Ruwa ne wanda in ka tsaya a bakinsa ba ka ganin ƙarshensa, sai dai inda ya haɗu da sama. Jagoranmu a shekarar shi ne Dogo, ƙaƙƙarfa ne, mai zuciya, amma ba shi da haƙuri ko na anini. Matanmu duk sun yi nauyi da ƙwai, kowa ya matsu a isa.

A wannan gaɓar akwai wani tsohon kunkurun teku, bayansa duk gansakuka. Al'adarmu ce duk shekara jagora ya je ya gaishe shi ya tambaye shi labarin ruwa kafin a tashi. Dogo ya je, muka bi shi. Ya ce, "Baba, mun zo sallama, gobe za mu yi arewa."

Kunkuru ya ce, "Da ni ne ku, da na ƙara kwana. Zo ka sa ƙafarka a ruwan nan."

Dogo ya sa ƙafa. Ya ce, "Da ɗumi."

Kunkuru ya ce, "To, ka ji damuwar. Bari in gaya maka yadda abin yake, don ku masu fiffike kuna hawa iska amma ba ku tambayar wa ya aiko ta. Rana ɗaya ce take dukan tudu take dukan teku. Shi tudu mai saurin fushi ne, da ta taɓa shi sai ya ɗau zafi. Teku kuwa haɗiye zafin yake yi ya kai shi can ƙasa, ya daɗe bai nuna ba. Iskar da ke kwance bisa tudu in ta ji wuta sai ta yi sama ta bar gurbi. Iskar teku, mai sanyi, wadda ta sha laima ta ƙoshi, ita ce ke kwararowa ta cike gurbin. Ita ke kai ruwa arewa. In tudu ya yi zafi ƙwarai, teku kuma ya yi sanyi, sai ta tafi da ƙarfi har ƙasar masu gero. Bana kuwa ruwan sanyin da ke tasowa daga ƙarƙashi bai taso ba tukuna, ni da nake kwana a ciki na sani. Muddin teku yana da ɗumin nan, iska ba ta ga abin da zai ja ta nesa ba. Nan bakin gaɓa za ta yi ta sauke kayanta."

Dogo ya ce, "Baba, jiya da idona na ga walƙiya a arewa, kuma yanzu haka ga iska tana kaɗa gashina tana yin can."

Kunkuru ya yi dariya har ya ƙware da ruwa. Ya ce, "Kai ma kana so ka yi irin ta Madugu Barau ke nan."

Dogo ya ce, "Me Madugu Barau ya yi?"

Sai kunkuru ya ba mu wannan labari.

Ya ce, Barau madugun fataken goro ne, ya san hanyar tudu kamar tafin hannunsa, amma ruwa bai san shi ba sai a buta. Wata shekara fatauci ya kai shi wani tsibiri, ya sari goro mai kyau, aka ɗaure masa huhu huhu. Saura ya ƙetare da shi zuwa babban tudu, tafiyar da ta fi ƙarfin yini guda. Jiragen wurin kuwa da iska suke tafiya, ana ɗaura musu babban ƙyalle ta tura su. Mai jirgin da ya samu ya ce masa ya dakata, babbar iska ba ta iso ba, wadda in ta kama sai ta yi watanni tana yin gefe ɗaya dare da rana.

Barau kuwa goro ya tsaya masa a rai, don ka san goro ba ya son jira, kullum sai an buɗe an yayyafa masa ruwa. Kowace azahar in ya fito gaɓa sai ya ji iska tana cika masa riga tana yin wajen tudu. Ya ce wannan mai jirgi malalaci ne kawai, ga iska a banza yana cewa babu. Ya nemi wani mai jirgin, mai kwaɗayi, wanda ba ya musu da baƙo, aka loda goro, suka tashi da azahar. Jirgi ya yi ta gudu, Barau yana ta murna yana cewa ai ga shi nan.

Da rana ta faɗi, tudu ya huce kamar yadda ya saba, teku kuwa yana nan da ɗuminsa. Sai iska ta tsaya cik, can kuma ta juyo daga tudu ta mayar da su baya. Kashegari da azahar ta sake tura su gaba, da magariba ta sake dawo da su. Haka suka yi ta yi, ina ƙarƙashinsu ina kallo. Ruwan daɗin da ke tulunansu ya yi ƙasa, ruwan teku kuwa gishiri ne, in ya taɓa goro ya kashe shi. Aka kai inda sai dai Barau ya zaɓa, ko ya sha ko ya yayyafa. Ya sha. Goro ya bushe ya zama kamar tsakuwa.

Ranar da babbar iska ta iso, sai ga mai jirgin farko ya taho da kayan wasu fatake, ya wuce su. Ya leƙo ya ce, "Madugu, iskar da ka gani ba ƙarya ba ce, amma ta yini ce. Da hantsi rana ke haifarta, da magariba ta mutu. Kai kuma ka ɗora mata kayan shekara."

Shamuwa ta ce, da kunkuru ya kai nan sai ya dubi Dogo ya ce, "Walƙiyar da ka gani jiya 'yar'uwar iskar Barau ce. Kada ka ɗora mata ƙwan jama'arka."

Dogo ya yi godiya ta fatar baki. Da muka koma zango ya ce tsufa ya ci kunkuru, wanda bai taɓa tashi sama ba me ya sani game da iska? Ayari ya rabu biyu. Uwata tana cikin waɗanda suka ce za su jira, ta riƙe ni. Dogo ya tashi da sauran. Suka isa arewa suka tarar an yi ruwa ɗaya, ciyawa ta ɗan leƙo. Suka yi sheƙa, suka zuba ƙwai. Daga nan sama ta bushe. Ciyawa ta ƙone, fara ba ta ƙyanƙyashe ba, kwaɗi ba su fito ba. Iyaye suka riƙa tafiya nesa neman abinci, rana tana dukan ƙwai a sheƙa.

Mu kuwa muna gaɓa har ran da kunkuru ya ɗago kai ya ce ruwa ya yi sanyi. Muka hau babbar iska, ko fiffike ba mu cika kaɗawa ba. Da muka iso muka tarar da Dogo tsaye a kan sheƙarsa, ya rame ya zama ƙashi, yana ta juya ƙwan da ya riga ya dafu. Ruwa ya zo a shekarar, har ya yi yawa. Amma shamuwa sau ɗaya take ƙwai a shekara.

Daga nan shamuwa ta dubi rumbu ta ce, "Kai ma bana ƙwanka ɗaya ne, Sarkin Noma, ga shi nan ka liƙe da laka."

Mantau ya dubi rumbun shi ma. Ya ce, "Na ji. Amma ke kina ta maganar kudu, mu kuwa tun da muka tashi hadarinmu daga gabas yake zuwa."

Ta ce, "Daga gabas yake zuwa, ban musa ba. Amma abin da yake zubarwa, iskar kudu ce take kawowa ta ajiye masa. Jiya leƙowa ta yi ta koma, ya samu ɗan abin da ta bari ya zubar. Ku kuna kallon mai rabo, ba ku kallon mai kawowa."

Mantau ya ce, "To ni ina zan ga kunkuru in tambaye shi? Teku ba a bayan gidana yake ba."

Ta ce, "In iskar ta zauna, har ɗakin matarka take shiga. Kira Tabawa, ka kira makaɗinka, amma ka ce ya shigo da gangar a rufe."

Aka kira su. Shamuwa ta tambayi Tabawa yadda gishirinta yake. Tabawa ta ce, "Garas yake, kamar yashi." Ta tambaye ta ruwan randa fa. Ta ce, "Sanyi ƙarara, har yana kama haƙori." Shamuwa ta ce da damina fa? Tabawa ta ce, "Da damina ai gishiri jiƙewa yake ya dunƙule, randa kuma ta daina sanyi. Wannan kowace mace ta sani."

Shamuwa ta juya ga Anaruwa ta ce ya ɗan taɓa fatar da yatsa. Ya ƙyasta, ganga ta amsa kau, a ɗame. Anaruwa ya washe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, bana ko gashi a wuta ba ta buƙata."

Mantau ya zuba wa gangar ido. Tun yana yaro yake ganin ana buga gangar shuka, kuma bai taɓa ganin an buga ta ba sai an hura wutar kara a ƙofar gida an gasa fatar, don kullum a sake take zuwa. Ya ɗauka wutar ma al'ada ce kawai. Ashe laimar iska ce ke sakin fatar. Ya tashi ya fita ya gaya wa jama'a ba za a buga ganga yau ba.

Kai, ranar Mantau ya ji maganganu. Ƙosau ya ce, "Yaya, tsuntsuwa mai karyayyen fiffike ce za ta hana mu noma? In kai ka tsorata, ba ni irin gidana." Mantau ya roƙe shi, ya haɗa shi da darajar iyayensu, Ƙosau ya ƙi. Da ya ga rigima za ta kai ga fasa rumbu gaba ɗaya, sai ya buɗe ya auna wa Ƙosau nasa, da wasu gidaje kaɗan da suka bi shi, ya sake liƙewa. Suka tafi suka shuka ba ganga, abin da ba a taɓa yi ba a Tudun Gawo.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a rayuwar Mantau. Gonar Ƙosau ta tsiro kore shar, a bakin hanya, kowa yana wucewa yana gani. Mata suka daina gaishe da Tabawa a rijiya. Abinci ya daina wuce wa Mantau. Kullum da safe sai ya shiga ɗakin matarsa ya murza gishiri, ya ji shi garas, ya fito ya dubi sama. Wata rana ya ce wa shamuwa, "In fa kin yi kuskure, na kashe garin nan." Ta ce, "Ban ce maka na san ranar ba. Allah kaɗai ya san ta. Na dai ce maka ba ta zo ba."

Sama kuwa ta yi fayau, rana ta buɗe wuta. Shukar Ƙosau ta fara naɗe ganye da azahar, ta warware da yamma. Daga baya ta daina warwarewa. Ƙosau da iyalinsa suka yi ta jido daga rijiya suna zubawa, amma wa ya taɓa shayar da gonar gero da tulu? Masu zagin Mantau suka yi tsit. Shi kuwa bai ji daɗin komai ba, don ɗan'uwansa ne, kuma har yanzu ba ruwa.

Rannan da hantsi aka tashi da wata irin zufa mai danƙo, iska tana busowa a hankali daga kudu maso yamma. Tabawa ta fito daga ɗaki tana mita, wai gishirinta ya dunƙule sai ta daka. Ba ta rufe baki ba sai ga Anaruwa ya shigo rungume da ganga, ransa a ɓace, ya ce fata ta saki, in an buga sai ta ce bif kamar an doki buhun dusa. Shamuwa ta tashi fir ta hau kan rumbu, karon farko da ta kai can tun da fiffikenta ya karye, ta miƙa wuya kudu. Can sama sai ga 'yan'uwanta, ayari guda, suna shawagi ba su ko kaɗa fiffike.

Kashegari aka yi ruwa, aka kwana biyu aka sake yi, iskar ba ta juya ba. Mantau ya sa aka fasa rumbu, ya ce kowane gida a rage ɗan abin da za a haɗa wa waɗanda suka yi asara, ya fara da nasa. Jama'a suka taru, Anaruwa ya durƙusa da ganga, ya ce a kawo abin hura wuta.

Sai ga Ƙosau ya ratso taro, kansa a ƙasa, rungume da busasshiyar shukar gonarsa da ya tattara ya ajiye a ɗaki. Ya zube ta gaban makaɗi. Ya ce, "Yaya, a gasa da wannan. Ba ta da wani amfani kuma."

Aka ƙyasta mata wuta, ta kama nan da nan. Anaruwa ya kara fatar a wuta yana juyawa yana ƙyastawa har ta ɗame. Mantau ya ɗaga kai ya dubi shamuwa a bisa rumbu. Ya ce, "Na karɓi maganarki. Daga yau, muddin ina raye, gangar da ba ta nemi wuta ba, ba za a buga ta a ƙofar nan ba."

Sannan ya kama hannun ƙanensa ya damƙa masa ƙwaryar iri, ya ce wa Anaruwa ya buga.